Kyamarar aljihu mai zum 30: ta kamo min giwa, ƙura ta kama ta

Tun da na ɗora hotunan Yankari a sitatus jama'a ke tambayata da me na ɗauka, wasu har cewa suke in turo musu lambar mai shagon. To ku dakata tukuna. Waɗanda kuka gani zaɓaɓɓu ne, akwai tulin da ban ɗora ba, kuma a cikinsu maganar take.

Kyamarar 'yar ƙarama ce, irin wadda ake yi wa matafiya, mai zum ninki 30, wato daga 24mm zuwa 720mm. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don 'yan ajinta kusan duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Sabuwa fil na saye ta a kwali, ba ta hannu ba. Kuɗin kuwa kun san yadda dala ta mayar da kayan nan, sai da na ji a jikina.

Gaskiya da farko ta wanke min zuciya. Muna cikin motar zagaye da sassafe, an gangaro wajen kogin Gaji, sai mai yi mana jagora ya ɗaga hannu ya ce kowa ya yi shiru. Can tsallake, cikin itatuwa, wasu abubuwa masu launin toka suna motsi. Giwaye ne, kuma ba kowa ke dacewa da su ba, wasu su zo su koma ba su ga ko kashinsu ba. Nan kowa ya zaro waya ana ta buɗa yatsu a kan sikirin, abin da ke fitowa dishi-dishi ne kawai. Ni ko na danna ɗan maɓallin zum, bakin kyamarar ya miƙe ya yi tsawo, sai ga babbar cikinsu ta cika min ido. Tamojin fatarta, yagewar da ke gefen kunnenta na hagu, busasshen taɓon da ke gadon bayanta, har ɗan da ke raɓe a ƙafarta, duk na gani. Injin mota na kunne, hannuna na rawa, amma abin da aka sa mata na hana girgiza ya riƙe hoton daram. Akwai kuma 'yar tagar leƙawa a sama, wadda da na raina, sai ga shi ita ta cece ni da rana ta taso sikirin ya daina ganuwa.

Wata Hajiya da ke kujerar gabana, wayarta ta ninka kyamarata kuɗi, ta leƙo ta ce, "Malam, don Allah in mun sauka ka tura min wannan." Ranar kaina ya fasu, ba zan ɓoye ba. Da a lokacin aka ce in rubuta sharhi, tauraro biyar zan ba ta in ƙara da addu'a.

Da yamma a masauki na zauna ina bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Na zo kan wata mikiya da na zuƙo tana shawagi, sai na ga wani ɗigo mai duhu-duhu a sama ta ɓangaren dama. Na wuce na gaba, yana nan. Na gaba ma yana nan, a wuri ɗaya, bai gusa ko kaɗan ba. Na ɗauko ƙyallen goge tabarau na goge gilashin gaba tas, na fita na ɗauki sararin sama. Yana nan. In ban yi zum ba ba ya fitowa sosai, in hoton ganyaye ne ya ɓuya a ciki, amma da zarar na zuƙo abu mai nisa kuma bayansa fili ne, sai ya fito ɓaro-ɓaro. Wato daidai aikin da na saye ta dominsa shi ya lalata. Bidiyo kuwa ya fi muni. Hoto ka iya share ɗigon da manhajar gyaran hoto irin su Snapseed, amma a bidiyo duk inda ka juya yana biye da kai. Kafin mu baro dajin wani ya ƙaru a ƙasa, siriri mai kama da gashi.

Da na dawo gida na kai wa mai shagon. Ya juya ta, ya kunna, ya kashe, ya ce, "Alhaji, ai ƙura ce. Ƙura ba ta cikin garanti." Na ce ƙurar ni na buɗe na zuba mata? Ya yi dariya ya ce haka suke. To me ya hana ka gaya min haka suke ranar da kake ƙirga kuɗina?

Wani dattijo mai gyaran kyamara ne ya warware min zare da abawa. Ya ce bakin nan da ke fitowa ya koma duk lokacin da aka kunna ko aka yi zum, aikin zugazugin maƙera yake yi, yana zuƙar iska yana fesarwa, kuma ba a toshe gaɓoɓinsa da roba ba. Duk ƙurar da ta shiga, in ta samu hanya sai ta zauna a kan sensa, wurin da hoton ke sauka. A babbar kyamara sai ka cire gilashin ka hure wurin, shi ke nan. A wannan kuwa komai a haɗe yake, sai an kwance ta tun daga baya, ana ɗaga wayoyi sirara waɗanda in ɗaya ya tsinke an gama. Ya gyara, Allah ya saka masa, na biya abin da ya isa in sayi batir biyu. Ina fita ya ce, "Ɗana, in ka sake shiga hazo da ita, za mu sake gaisawa."

Abin da ke ci min rai ke nan. An rubuta cewa ta tafiye-tafiye ce. Wace tafiya ce babu ƙura? Yankari ma ai da rani ake zuwa, lokacin da ciyawa ta bushe namun daji suka taru a bakin ruwa, kuma lokacin ne hunturu ke busawa. Hawan sallah ƙura, kasuwar ƙauye ƙura, hanyar garinmu ƙura. Sai dai in tafiyar cikin falo ake nufi.

To ko a falon ma ba ta tsira ba, tunda na tuna. Da zarar rana ta faɗi sai ta zama wata aba dabam. Yara suna wanka a Wikki, maɓuɓɓugar da ke cikin dajin Yankari, dab da magariba, ruwan nan mai ɗumi da ba ya sauka daga digiri 31, garau har kana ganin yashin ƙasa, na ɗauka na ɗauka, fuskokin duk sun dame, launin ya yi tsaki-tsaki. Uwargida ta ɗauka da wayarta, nata ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma har yau ba ta bar ni na huta da gori ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sensar ciki ba ta wuce milimita 6 da ɗoriya a faɗi ba, da haka aka samu cusa zum mai tsawo a jikin da zai shiga aljihu. In ka kai zum ƙarshe kuma ƙofar hasken ta tsuke zuwa f/6.4, sai kyamarar ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensar, kuma daga 800 zuwa sama hoton ya fara lalacewa. Waya kuwa hotuna da yawa take ɗauka a lokaci guda ta haɗe su. Walimar da aka yi a gidanmu da dare, ko fito da ita ban yi ba.

Batirinta ba laifi, yana kai ni yamma in ban cika bidiyo ba, kuma tana shan caji daga fawa banki. Tura hoto zuwa waya ta Wi-Fi sai ta ga dama.

Wani abokina ya ce in sayar in koma masu sensa inci ɗaya, irin su Sony RX100 VII ko Lumix TZ200, waɗanda sensarsu ta ninka tawa kusan sau huɗu. Sun fi ta da dare, babu musu. Amma ta farkon a 200mm ta tsaya, ta biyun a 360mm, ga tsada, kuma su ma bakinsu fita yake ya koma. Giwar nan da 200mm ba zan ga yagewar kunnenta ba.

Na zauna rubutun nan da niyyar ba ta tauraro huɗu. Da na buɗe bidiyon mikiyar don in tuna, na sauko uku. Yanzu a cikin leda mai zif take kwana, a ciki take tafiya, ba na kunna ta sai na juya wa iska baya. Duk da haka shekaranjiya na ɗauki hasumiyar masallacin unguwarmu, sai na ga kamar wani abu a kusurwar hagu. Ƙanena ya ce zai saya a rabin kuɗi. Na ce masa ya bari a yi hawan sallah tukuna, in na gama ɗaukar dawakai sai mu yi ciniki.