Gaba, kar, igiya ko eka: da wanne za a rubuta gonar gado?

Malam, ka ce dattawa sun shaida cewa gonar da kuka gada a hanyar Pitowa, a arewacin Kamaru, gaba 60 ce a tsaye, gaba 40 a kwance. Mai son saye daga Garwa da kar yake magana, ƙaninka da ke Mubi kuma eka nawa ce yake tambaya. Bari mu ajiye waɗannan ma'aunan kusa da juna.

Gaba awon jiki ne. Mutum ya buɗe hannuwansa biyu, daga kan yatsa zuwa kan yatsa, gaba ɗaya ke nan. Da ita iyayenmu suka san zurfin rijiya da tsawon igiyar guga, kamar yadda suke auna yadi da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ba na raina ta ko kaɗan, domin ta daɗe tana raba gardama tsakanin maƙwabta da suka san juna. Sai dai gabar mutum kusan tsayinsa ce, kuma ba a halicce mu da tsayi ɗaya ba.

Duba abin da wannan ke yi wa gonarku. In wanda ya auna gabarsa mita 1.7 ce, gonar ta zama mita 102 sau 68, wato murabba'in mita 6,936. In dogo ne mai gaba 1.8, ta koma 108 sau 72, wato 7,776. Santimita 10 kacal ta haifar da ratar murabba'in mita 840. Wannan kusan filoti biyu ne irin na Najeriya mai ƙafa 50 sau 100, tunda kowanne bai wuce murabba'in mita 465 ba. Ƙasa ce da za a gina gidaje biyu a kanta, ta ɓace tsakanin hannun wani da hannun wani.

Kar ba haka take ba. Kalmar daga Faransanci ta zo, ma'anarta rubu'i, wato rubu'in hekta: mita 50 sau 50, murabba'in mita 2,500. Noman auduga ne ya zaunar da ita a bakinmu, domin da ita manoman Sodecoton, kamfanin audugar Kamaru da aka kafa a 1974 mai hedikwata a Garwa, suke lissafin iri da taki. Kar huɗu hekta ɗaya. A kudancin Cadi kuwa igiya za ka ji manoman auduga suna faɗa, tun zamanin Turawan Faransa, kuma a yau ana nufin rabin hekta da ita, kimanin mita 71 kowane gefe. Igiya ɗaya kar biyu ke nan.

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Suna ganin tunda 100 ninkin 50 ne, to gona mai mita 100 sau 100 kar biyu ce. A'a, huɗu ce. In ka ninka tsawo ka ninka faɗi, girman ya ninku sau huɗu. Shi ya sa gefen igiya 71 ne, ba 100 ba.

Ekar da ƙaninka ke tambaya gadon Ingila ce. Masu auna ƙasa a can sun yi aiki da sarƙar da Edmund Gunter ya fito da ita a 1620, mai tsawon ƙafa 66, wato mita 20 da ɗan ɗoriya. Fili mai sarƙa 10 a tsaye da sarƙa ɗaya a kwance shi ne eka, murabba'in mita 4,047. Ta fi kar, ba ta kai igiya ba, kuma hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.

Saboda haka gonarku tana tsakanin kar 2.8 da 3.1. Ka faɗa wa na Mubi tana tsakanin eka 1.7 da 1.9. Wannan ma in kusurwoyinta huɗu a miƙe suke, abin da da wuya a samu a gonar gado da ta bi kwari ko ta kauce wa tsamiya.

Ni dai ba zan yarda a yi ciniki da gaba ba, kuma ba zan karɓi "kar uku ce" daga bakin mai saye ba, tunda shi ne mai cin riba in ta fi haka. Ku nemi tef, ku kira dattawan da suka san iyaka da maƙwabtan gefe huɗu, a auna kowane gefe a gabansu, a rubuta da mita. Dama dokar filaye ta Kamaru ta 1974 takardar mallaka ta hukuma ta sani, ita kuma ba ta fita sai ma'aikacin auna ƙasa ya zo ya kafa duwatsun iyaka, ya rubuta girman da hekta da murabba'in mita. Ku aika wa na Mubi hoton takardar awon kafin a yanke farashi, tunda shi ma magaji ne.