Katin RTX 3060 ya biya ni, amma akwatin wutar da aka saka min ya cinye min wasan ƙarshe

Wata takwas na yi ina tara kuɗin wannan kwamfuta, saboda haka ban zaɓi kayan da garaje ba. Burina bai wuce in buga eFootball da GTA V a 1080p, hoto 60 a daƙiƙa, in kuma riƙa naɗar wasan ina ɗorawa a YouTube ba tare da yana sarƙewa ba. Na tsaya a kan furosesa Ryzen 5 5600 mai ƙwaya 6, madabod (babban allon da ake jona sauran kayan) B550, RAM 16GB sanda biyu, sai katin hoto RTX 3060 mai 12GB. Katin na hannu ne, wani abokina ya sayo min daga Ikeja. Ragowar kayan a wani shago nan Kano na saya, su suka haɗa min, kuma maganar gaskiya haɗin ya yi tsaf, sun ɗaure wayoyi ta baya, ciki fes.

Makon farko har barci na rage. Abin da ya fi burge ni shi ne NVENC, wani ɓangare da Nvidia, kamfanin da ya ƙirƙiro katin, ta keɓe a cikinsa wanda aikinsa kawai matse bidiyo. Da na zaɓe shi a OBS, manhajar da nake naɗa da ita, sai na ga ina naɗa amma wasan bai ma san ana yi ba. Wanda ya taɓa naɗar wasa da tsohuwar laftof, furosesa na ɗauke da wasa da naɗi a lokaci guda, fanka na kuka kamar injin markaɗe, ya san me nake nufi. A wannan makon da an tambaye ni, da na tura duk abokaina shagon nan.

Ranar wata Asabar muka yi gasar ƙwallo ta 'yan unguwarmu a ɗakina, mu takwas. Na kai wasan ƙarshe, aka zura min biyu kafin hutun rabin lokaci, na dawo na farke, na ƙara ta uku ana dab da tashi. Ɗaki ya kaure da ihu, sai kawai allo ya yi baƙi. Na ɗauka wuta aka ɗauke, na ɗaga kai na ga fankar sama tana juyawa, ƙwan lantarki na ci. Kwamfutar ce ta mutu ita kaɗai. Da na kunna na je kan bidiyon, wajen minti 40 tun daga wasan kusa da na ƙarshe, ya ƙi buɗuwa. A tsarin fayil na MP4 nake naɗa, shi kuwa idan aka katse shi kafin ya rufe fayil ɗin, sai ya lalace. Na gwada manhaja uku na gyara, babu wadda ta fito min da ko daƙiƙa ɗaya.

Daga nan ta mai da abin al'ada. Kallon fim ko lilo a intanet lafiya lau, amma da zarar wasa ya yi nauyi sai ta ɗauke. Sau huɗu ina ɗaukar ta a adaidaita sahu zuwa shagon. Karon farko suka ce ƙura ce, suka hure ta. Na biyu suka ce zafin garin nan ne, in ƙara fanka, na ƙara biyu da kuɗina. Na uku mai shagon ya dube ni ya ce, "Ƙanena, katin nan naka ne. 'Yan haƙar kirifto sun gama tsotse shi kafin ya iso hannunka. Kawo shi mu karɓa ka cika ka ɗauki sabo." Wallahi saura kaɗan in yarda. Har na kira abokina na yi masa magana mai zafi a kan katin da ba shi da laifin komai, abin da har yau yake damuna.

Wani yayan abokina mai gyaran inbata ne ya warware matsalar cikin minti goma. Ya kwance akwatin wutar, wato na'urar da ke raba wa kayan cikin kwamfutar wuta, ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ce bai yarda da rashin nauyinsa ba. A jikinsa an rubuta 750W da manyan baƙaƙe, amma a ƙaramin jadawalin da ke ƙasa, layin 12V amfiya 20 kacal aka ba shi. Ya ce in ninka 12 sau 20, na samu wat 240. Katin kaɗai yana jan 170, furosesar 65, ban da madabod da fankoki biyar, kuma dukkansu a wannan layin suke sha. Nvidia da kanta 550W ta ce a nema wa wannan kati. Babu tambarin 80 Plus, shaidar an gwada akwatin ba ya asarar wuta da yawa, a jikinsa, sunan kamfanin ma ban taɓa jin sa ba.

Abin da ya ƙona min rai shi ne, a ranar saye da bakina na ce, "Alhaji, wuta ita ce tsorona, a sa min mai kyau ko da zan ƙara kuɗi." Ya ce in bar masa komai. Da na mayar masa da akwatin wutar na nuna masa jadawalin, sai cewa ya yi, "Ai kai ka ce a sassauta maka." A kan akwatin kwamfutar na nemi ragi, ba a kan wuta ba, kuma ya sani. Da ƙyar ya dawo min da rabin kuɗin, na fankokin kuwa ko zancen bai yi ba.

Na sayi mai 650W, 80 Plus Bronze, a wani wurin. Wata uku ke nan, har da zafin Afrilu, ba ta sake ɗaukewa ba ko sau ɗaya. Na koma naɗa a tsarin fayil na MKV, wanda ko an katse shi abin da aka riga aka naɗa yana nan, daga baya OBS ya mayar min da shi MP4. Katin da furosesar ina yaba su ga duk mai irin burina. Shagon ne ba zan iya ba. Ko haɗin da na yaba musu da fari, da muka shiga BIOS, wurin saitin madabod, sai muka tarar ba su kunna XMP ba, saitin da ke sa RAM ya yi cikakken gudunsa, RAM ɗin da na biya kuɗin gudun 3200 yana tafiya a 2133 tun ranar farko.

Fayil ɗin wasan nan, kusan 6GB, yana nan a kwamfutar ban goge ba. Wanda na ci a wasan ƙarshe har yanzu cewa yake in kawo shaida.