Jakar Kaya Ko Kacici-kacici: Wanne Ya Fi Koya Wa Yaro Gano Abin Da Ba A Faɗa Ba?

Malama, na ga tambayarki. Kin ce kina da 'yan aji 3, sun haura 70, suna iya karanta jimla amma da zarar an tambaye su abin da labari bai fito fili ya faɗa ba sai su yi zuru. Kuma kina son sanin wanne za ki ɗauka, wasan jakar kaya ko kacici-kacici.

Kacici-kacici dai ba ya cin ko sisi. Ba kya buƙatar ɗauko komai daga gida, kuma da kin ce "ƙulin ƙulifita" ko yaron da ke gyangyaɗi a bencin baya zai farka. Dabarar da muke nema tana cikinsa. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya": dole yaro ya nemo abu mai yawa da aka ɗaure wuri guda kafin ya kai ga tsintsiya. Matsalar ita ce yawancin yaranmu sun haddace amsoshin tun a gida. Ki ce "Baba na ɗaka, gemu na waje", kafin ki rufe baki an ce hayaƙi. Wanda ya amsa bai yi tunani ba, tunawa ya yi. Wanda bai taɓa ji ba kuma ya ba da gari ya koma gefe. Amsa ɗaya ce, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Jakar kaya aikinta daban ne, kuma nan nake so ki tsaya. Ki samo leda baƙa ko tsohuwar jaka, ki zuba kayan mutum ɗaya, ki ce wa yara an tsince ta a hanya, a taimaka a gano mai ita. Sirrin yana wajen jeren da za ki bi ki fito da kayan. Fara da alli. Aji zai ɗauka gaba ɗaya: "Ta malami ce!" Kada ki ce eh, kada ki ce a'a, ki rubuta a allo. Sai almakashi. Nan za a rabu, wasu su tsaya kan malami, wasu su ce wanzami, wata ta tuna mai ɗinkin unguwarsu. Da kin fito da zare da tef ɗin awo, sai ki ji an ce tela. To yanzu ki koma kan allin: me tela yake yi da shi? Ba za a rasa wanda ya taɓa ganin ana zana yadi kafin a yanka ba. Yaro ya yi hasashe, sabuwar hujja ta zo, ya sauya ra'ayi ba tare da an ce masa ya faɗi ba. Kacici-kacici ba ya ba da wannan damar.

Ki ɗora musu ƙa'ida guda: ba a karɓar amsa sai da gaɓoɓi uku. "Na ga kaza, na san cewa kaza, don haka kaza." Wanda ya yi ihun "mai shayi!" don ya ga rariya da gwangwanin madara, sai ya zauna ya jera ta haka.

Jakar ma tana da nata wahalar. Tana cin lokaci, kuma a aji mai yawan naki na baya ba sa ganin allura ko maɓalli, don haka ki zaɓi manyan kaya, ko ki raba jaka ɗaya ga kowane layi. Kada ki sa reza ko wuƙa. Kada kuma ki yi da kayan wani ɗan aji, don abin yakan koma tsokana.

Babban aibin da suka haɗu a kai shi ne, dukansu ba karatu ba ne. Yaro zai iya zama gwanin jaka, a ba shi takarda ya koma gidan jiya. A Ingila, Nicola Yuill da Jane Oakhill sun yi gwaji a 1988 da yara 'yan shekara 7 zuwa 8 masu iya furta kalma amma fahimtarsu ta yi rauni. Abin da suka koya musu shi ne farautar kalmomin da ke nuni a cikin rubutu, kuma waɗannan yaran sun fi takwarorinsu masu kyakkyawar fahimta amfana. Saboda haka, a darasin da kika buɗe jaka, kada a tashi sai kin rubuta jimla biyu a allo, kamar haka: "Inna ta ɗaga kai sama, ta ruga ta kwashe shanya. Audu ya jera bokitai ƙarƙashin indararo." Ki tambaya me ke shirin faruwa, kuma wane lokaci ne na shekara. Babu kalmar ruwa a ciki, babu damina. Wanda ya amsa ya fito ya ja layi ƙarƙashin kalmar da ta nuna masa.

Ni dai jaka zan sa gaba, sau ɗaya a mako, kullum da gajeren rubutu a bayanta. Kacici-kacici ki bar shi na minti biyar ɗin farko, kuma ki juya shi: kowane layi ya zaɓi abu ɗaya a cikin aji, kamar buta ko allo, ya ƙirƙiro nasa sabo da alamu uku, sauran su warware su faɗi alamar da ta tona asirin. Tunda sabo ne, babu wanda ya haddace shi a gida.