Marangu ko Machame? Ni dai Machame zan ce maka

Ɗan uwa da ke tambaya tsakanin hanyar Marangu ta kwana 5 da hanyar Machame ta kwana 7 wajen hawa dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, duka biyun na bi da ƙafata, ɗaya har yau ina jin zafin kuɗina ɗaya kuma ba na gajiya da ba da labarinta. Ka ɗauki Machame kawai.

Marangu na fara bi saboda araha, kuma an ce min a ɗaki ake kwana ba tanti ba. To gaskiya ne, akwai ɗakuna da gado da katifa a zangunan Mandara da Horombo da Kibo, ko ruwa ake ba ruwanka. Iya yabon da zan mata kenan. Cikin kwana uku an kai ka Kibo wajen mita 4,700 jiki bai gama sanin inda yake ba, daren hawan ƙarshe kaina kamar ana daka a ciki, ga amai, muna isa Gilman's Point, tun ba mu kai ƙololuwa ba, jagora ya ce sai dai mu juya. Na dawo gida da satifiket kore maimakon mai ruwan zinare na Uhuru, wato ƙololuwar dutsen, kuma hanyar da ka hau ita za ka sauko ba wani sabon abin kallo.

Machame kuwa a tanti za ka kwana, ƙasa da tauri sanyi kamar me, amma yadda aka tsara ta ne ya cece ni. Rana ta uku muka hau har Lava Tower wajen mita 4,600 muka ci abinci, sai aka ce mu gangara Barranco mu kwana a mita 3,900 da wani abu. Wallahi sai da na yi ta mita, mun sha wuya mun hau kuma a ce mu sauka? Jagoranmu dariya kawai ya yi ya ce gobe za ka gode min. Ashe haka ake koya wa jiki ƙarancin iska, ka leƙa sama da rana ka dawo ƙasa ka yi barci. Washegari na tashi garau har na nemi ƙarin kunu. Sai katangar Barranco, wadda a hoto za ka ɗauka sai da igiya, alhali hannu da ƙafa ne kawai, kana manne da dutse kana addu'a masu dako na wuce ka da kaya a ka suna ce maka pole pole, wato sannu sannu da Suwahili. Kwanan da ake ƙarawa a Karanga shi ne bambancin kwana 6 da 7, kar ka bari a cire maka shi don rage kuɗi.

Daga Barafu, zangon ƙarshe, tsakar dare aka tashe mu, shayi da biskit, sai layin fitilun goshi har sama kamar an jera taurari a kan hanya. Ruwan gorata ya fara daskarewa. Asuba ta same mu gab da Stella Point, alwala ba ta ma taso ba, na cire safar hannu na yi taimama a kan tokar dutsen nan, yatsuna sun mutu tsabar sanyi, jagoran ya tsaya ya tare min iska da jikinsa har na sallame alhali ba Musulmi ba ne. Ina ɗagowa sama ta yi ja a bayan tsaunin Mawenzi, gajimare duk yana ƙasa da mu. Daga nan kusan awa guda muka isa Uhuru, mita 5,895, ga ƙanƙara jibge a gefe. Ni da ba na kuka sai ga hawaye.

Aibinta ɗaya, cunkoso. Yanzu kowa Machame yake so, a watan Yuli da Agusta har layi ake a katangar Barranco, shi ya sa masu kuɗi suke komawa hanyar Lemosho ta kwana 8 duk da dai a gaba hanyoyin haɗewa suke. In za ka iya ka je Janairu ko Fabrairu, ka guji Afrilu da Mayu, damina ce sosai.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Ka yi hattara da 'yan ka-yi-na-yi da za su tare ka a garin Moshi ko Arusha, da masu shafin Instagram cike da hotuna suna cewa dala dubu komai da komai. Lokacin da na je kuɗin gandun dajin kaɗai dala 70 ne kullum, kwana a tanti dala 50 duk dare, kuɗin ceto dala 20, ga haraji kashi 18 a kai, lissafa na kwana 7 ka ga ya doshi dala dubu tun ba a sayi ko tumatir ba. To a ina zai samu riba? A cikin abincinka da haƙƙin masu dako. Zuwana na farko irin wannan kamfanin na faɗa wa, rana ta uku abinci ya koma burodi da shayi, akwai yaron da ke ɗauke da jakata takalminsa a yage yake a wannan sanyin, har yanzu abin na damuna. Ka duba ko kamfanin yana cikin masu aiki da KPAP, ƙungiyar da ke sa ido kan haƙƙin masu dako, ka tambayi jagora nawa za su ba ku, kuma kar ka tura kuɗi duka kafin ka sauka Tanzaniya, kafin alƙalami ya isa.

Jaket mai kauri da jakar barci ka yi haya a Moshi, amma ka zuge zif ɗin ka gani da idonka kafin ka karɓa. Takalmi ne kaɗai za ka saya tun daga gida ka yi ta yawo da shi wata guda ya saba da ƙafarka. In fasfon Najeriya gare ka ka nemi biza da wuri don ba a ba mu a filin jirgi, kuma kar ka manta katin rigakafin shawara.