Sharhi kan aikin Ofishin Likitoci na Lourdes

A garin Lourdes da ke kudu maso yammacin Faransa akwai wani ofishi da aka kafa a 1883 domin bincikar mutanen da suka ce sun warke daga cuta ta hanyar mu'ujiza. Tun daga 1858, lokacin da Bernadette Soubirous ta ce ta ga Maryam, mahaifiyar Annabi Isa, a bakin wani kogo, mabiya ɗarikar Katolika suke tururuwa zuwa wurin da marasa lafiyarsu, kuma duk wanda ya ce ya samu sauƙi, wannan ofishi ne ke karɓar bayaninsa.

Ta fuskar tsantseni, aikin ofishin ya cancanci yabo. Ana neman takardun asibiti na kafin warakar da na bayanta, kuma dole ne cutar ta kasance mai tsanani wadda likitoci suka tabbatar, warakar ta zo farat ɗaya, ta cika, ta ɗore, sannan a rasa wani magani da za a jingina ta gare shi. Kowane likita yana iya shiga zaman tantancewar, ko da bai yarda da addini ba. Daga nan fayil ɗin yakan wuce zuwa kwamitin likitoci na ƙasa da ƙasa, wanda iyakar abin da zai ce shi ne ilimin likitanci na yanzu bai iya bayyana abin da ya faru ba. Bishop na yankin da mutumin ya fito shi ne mai ikon kiran abin mu'ujiza. Cikin rahotanni sama da 7,000, waɗanda aka amince da su sun ɗan haura 70 ne kawai.

Aibinsa a fili yake, wato jinkiri. Sista Bernadette Moriau ta warke a 2008, amma sai a 2018 aka ayyana lamarinta a matsayin mu'ujiza.

Wanda kuwa yake fatan hukuncin ofishin zai sa mai inkari ya yi imani, a ganina ya ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Wanda bai yarda ba zai ce abin da aka kasa bayyanawa yau ana iya bayyana shi gobe, kuma babu wani hoton asibiti da zai rushe wannan amsa. Marubuci Émile Zola ya je Lourdes a 1892, ya ga Marie Lebranchu, mai tarin fuka da aka ce ta warke, amma a littafin ƙagaggen labari da ya fitar a 1894 sai ya sa cutar ta dawo wa matar da ya siffanta da ita, alhali ita Lebranchu ta rayu har 1920. Wannan ba sabon abu ba ne ga masu karatun Alƙur'ani, domin a farkon Suratul Ƙamar an ambaci waɗanda idan suka ga aya sai su juya baya su ce sihiri ne.

Labarin Alexis Carrel ya fi ɗaure kai. Likita ne mai shakka, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1912, kuma a 1902 ya tsaya kusa da Marie Bailly yana kallon kumburarren cikinta yana sacewa cikin ɗan lokaci. Bai ƙaryata idanunsa ba, amma sai da ya shafe kusan shekara 40 yana kai-kawo kafin ya koma coci gab da rasuwarsa a 1944. Warakar da ya shaida ɗin ma ba ta taɓa shiga jerin mu'ujizozin da cocin ya amince da su ba.