Buyukada ta burge ni, amma keken hayar da aka ba ni ya kusa ja min

Wani mai ba da hayar keke a Buyukada, tsibirin da ke kusa da Istanbul a Turkiyya, bai kyauta min ba, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Ba zan ambaci sunan shagon ba. Duk wanda ya sauka daga jirgi ya haura dandalin agogon nan zai ga shagunan jere a lungunan baya, kekuna jingine kamar ba za su ƙare ba, kowa na kiranka. Ɗaya daga cikinsu ne.

Ƙanena da ke karatu a Istanbul ne ya kai ni. Mun hau jirgin ruwa daga Kabatash, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a kan tekun Marmara, jirgin yana tsayawa a tsibiran Kinaliada da Burgazada da Heybeliada kafin ya iso babbar yayarsu, Buyukada. Tun a jirgi yake ta koɗa min wurin: ba a shiga da motar gida, kekunan dokin da aka san tsibirin da su an hana su tun 2020 bayan wata cuta ta kama dawakin, yanzu ko dai ƙafarka, ko keke, ko 'yan motocin lantarki na hukuma. Ni kuwa keken nake so, don na gaji da ƙarar hon ɗin birni.

A gaban mai shagon na matsa birkin baya, na ji ya tafi can ƙasa kafin ya kama, har da wata 'yar ƙara. Na nuna masa. Ya murɗa wani ɗan ƙusa da yatsa, ya buga sirdin da tafin hannu, ya ce babu matsala. Ya karɓi katin shaidar ƙanena ya jefa a aljihun tebur, ya rubuta lokaci a wata takarda. A shimfiɗaɗɗen titin bakin kasuwa kuwa birkin yana kamawa, to me za ka ce?

Abin da hotuna ba sa nunawa shi ne tsibirin nan tudu ne da gangara. Tuddai biyu ne manya, hanya tana hawa tana sauka a tsakaninsu. Hawan farko ma sarƙar ta zame sau ba adadi, giyar ta ƙi sauyawa, na sauka ina turawa ina haki. Wannan duk na haƙura. Amma da muka zo wata doguwar gangara mai kwana a ƙasanta, na matsa birkin baya har hannun ya taɓa roba, keken bai ko rage gudu ba. Ga wata mata a gaba tana tura jariri a 'yar kujerarsa, ga motar lantarki tana hawowa, ita kuma ba ta da ƙara balle ka ji zuwanta. Na danna na gaba a hankali don kada ya kifar da ni, na sauke ƙafafu biyu ina jan takalmi a kwalta, ina salati. A jikin wata katangar dutse na tsaya, gwiwata ta goge, wandona ya yage. Ƙanena ya juyo a guje yana cewa, "Yaya, lafiya? Yaya, ka ji ciwo?" Da muka duƙa muka duba, robar birkin ta cinye tas, ƙarfe ne kawai yake gugar ƙarfe. Wanda yake gyaran keke kullum ba zai ce bai san da wannan ba.

Daga nan turawa na yi har dandalin da ake kira Lunapark, muka ɗaure kekunan. Kuma a gaskiya daga nan ne yinin ya gyaru, domin wurin nan na mai tafiya a ƙasa ne. Hanyar da ke hawa zuwa cocin Aya Yorgi kusan kilomita guda ce, shimfiɗe da duwatsu, a miƙe take sama ba sassauci, ƙolin tudun ya ɗan haura mita 200. Za ka ga tsofaffi suna hawa suna hutawa, ga zare kala-kala maƙale a rassan bishiyoyin gefen hanya, ragowar na masu ziyarar cocin duk ranar 23 ga Afrilu, da ke warware zare tun daga ƙasa suna hawa da buƙatunsu. Da muka kai sama iska ta buge ni, ƙamshin itatuwan pine ya cika hanci, ga teku ta ko'ina, ga dogayen benayen ɓangaren Asiya na Istanbul can nesa cikin hazo. Na zauna a kan dutse na daɗe ban ce komai ba. Wallahi a lokacin na yafe wa mai keken.

A ɗaya tudun kuma akwai abin da ya fi tsaya min a rai, tsohon gidan marayu na Girkawa. Gini ne na katako zalla, an yi shi a 1898 da nufin ya zama otal, aka hana shi lasisi, ya koma gidan marayu har aka rufe shi a 1964. Ana lissafa shi a matsayin ginin katako mafi girma a Turai. Ba a shiga, ta bayan shinge kake leƙe: tagogi ba gilashi, rufi ya lotsa, katakon ya yi baƙi. Wanda ya wuce a kan keke da gudu ba zai ga rabin wannan ba. Haka tsofaffin gidajen katako masu baranda da furanni a unguwar Nizam, da kangon gidan da Leon Trotsky, ɗan juyin juya halin Rasha, ya zauna a zamansa na gudun hijira a tsibirin tsakanin 1929 da 1933. Sallah kuma mun yi ta a masallacin Hamidiye da Sarki Abdulhamid na biyu ya sa aka gina, mai tsabta, ba nisa da kasuwa.

Da a nan aka tsaya da na ce kowa ya je ya hau keke abinsa. Sai da muka mayar da kekunan ɓacin ran ya dawo sabo. Mutumin ya duba agogo ya lissafa min awanni cif, har da waɗanda na yi ina tura masa kekensa a rana. Ƙanena ya yi masa bayani da Turkanci, ya nuna masa birkin, ya nuna gwiwata. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai da mun dawo da shi tun da wuri ya canja mana. Daga tsakiyar tsibiri, a ƙasa, da ƙafa mai ciwo? Katin yaron yana hannunsa, jirgin yamma ya kusa tashi, layi ya riga ya yi tsawo a tasha. Na ƙirga lirar na ba shi, ko sannu bai ce min ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, muna tsaye a wurin ya ja keken nan ya mayar cikin layi, bai ko duƙa ya kalli birkin ba, ga wasu 'yan mata biyu da suka sauko daga jirgi suna zaɓa. Sai da ƙanena ya je ya dafa sirdin ya ce musu kada su kuskura su ɗauki wannan.