Pillow da aikin hotuna masu shara-shara: abin da na gani bayan na yi aiki da shi

Aikina shi ne ɗora tambari a kan hotuna masu yawa, da yanke hotunan mutane su zama da'ira, da cire bayan wasu gumaka (ƙananan hotunan alama, wato icons) don a saka su a shafin intanet. Duka da yaren shirya manhaja na Python nake yi, kuma laburaren (tarin umarni da aka riga aka rubuta) da na dogara a kansa shi ne Pillow, wanda ya gaji tsohon PIL na Fredrik Lundh. Kyauta ne, girka shi kuma umarni ɗaya ne. Ra'ayina a taƙaice: kayan aiki ne nagari, amma ba ya yi maka tunani, kuma a wuri ɗaya sunayen umarninsa na iya kai mutum su baro.

Tsarin da ya bi mai sauƙin kamawa ne. A hoto irin RGBA kowane fiksel, wato ɗan ɗigon da ake haɗa hoto da shi, na ɗauke da lambobi huɗu: ja, kore, shuɗi, sai alfa. Alfa na tafiya daga 0 zuwa 255. 0 ba a ganin fiksel ɗin sam, 255 ya toshe abin da ke bayansa gaba ɗaya, abin da ke tsakani kuwa shara-shara ne. Marufi (mask), wato abin da ke nuna ɓangaren hoto da za a gani da wanda za a ɓoye, shi ma hoto ne, galibi irin L, wato fari da baƙi da toka-toka. Inda ya yi fari hoto ya fito, inda ya yi baƙi a ɓoye. Abin da ya fi burge ni ke nan. Tunda marufi hoto ne kamar kowane, duk abin da za ka yi wa hoto za ka yi masa: ka zana a kai, ka juya shi, ka dusar da bakinsa, sannan ka manna shi da putalpha.

Ga misali da yankan da'ira. Idan ka zana da'ira da ImageDraw kai tsaye, bakinta zai fito da tsini-tsini kamar haƙoran zarto, domin ba ya sassauta gefe. Abin da nake yi shi ne in zana marufin ya ninka girman da nake so sau huɗu, in rage shi da LANCZOS, ɗaya daga cikin hanyoyin rage girman hoto. Ragewar ce ke haifar da fiksel masu toka-toka a gefe, da'irar ta fito sumul. Layi biyar ne ko shida, kuma sakamakon bai bar wa manyan manhajojin gyaran hoto komai ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Akwai paste, akwai alpha_composite, kuma mai sabon shiga zai ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Idan ka ɗora tambari da paste, ka ba shi tambarin kansa a matsayin marufi, ba launuka kaɗai yake gaurayawa ba, har da alfar. A ce gefen tambarin alfarsa 128, hoton ƙasa kuma 255, a toshe ƙam. Hankali zai ba ka cewa abin da zai fito 255 ne, tunda ɗora abu a kan abin da ba a gani ta cikinsa ba zai sa a fara gani ba. Amma paste zai ba ka kusan 191. Ke nan ya huda hoton ƙasa a duk kewayen tambarin. A allonka ba lallai ka lura ba. Sai an ɗora hoton a kan shafi mai duhu ka ga wani siririn zobe ya bayyana a gefen tambarin. alpha_composite kuwa yana bin lissafin da Thomas Porter da Tom Duff suka wallafa a 1984, kuma yana ba da 255 ɗin da ya dace. Sharaɗinsa shi ne hotunan biyu su kasance masu alfa, kamar RGBA. Ni dai duk inda hoton ƙasa ke da alfa na daina taɓa paste, kuma da a ce an rubuta wannan gargaɗi da manyan baƙaƙe a farkon bayanin umarnin, da mutane da yawa sun huta.

Wani abu da ya kamata a sani: fiksel ɗin da alfarsa 0 bai rasa launi ba, ɓoye shi kawai aka yi. Tsarin PNG na ajiye launi daban, alfa daban. Saboda haka idan ka juya RGBA zuwa RGB, wanda ba shi da alfa, da convert, alfar ce kawai za ta tafi, launin da ke ɓoye ya fito fili, sau da yawa baƙi ƙirin. Wannan na tasowa ne wajen adana hoto a JPEG, wanda ba shi da alfa kwata-kwata. A nan Pillow ya kyauta, domin ƙin adanawa yake yi, ya ce maka ba zai rubuta RGBA a JPEG ba. Gara haka da ya lalata maka hoto a ɓoye. Mafita ita ce ka ƙirƙiri farin hoto, ka ɗora naka a kai, sannan ka juya.

Wannan ɓoyayyen launin ne kuma ke jawo baƙin kewaye idan ana gauraya fiksel da maƙwabtansa. Wajen resize, Pillow na kula da wannan da kansa: yana ninka launi da alfa kafin ya rage girman, ya mayar bayan ya gama. Na yaba da wannan ƙwarai, domin aiki ne da ba wanda zai gani sai in babu shi. Amma da na dusar da hoton RGBA da GaussianBlur, baƙin ya kutso gefe, don haka yanzu alfar kaɗai nake cirowa da getchannel in dusar, in mayar.

Batun sauri kuma, kada ka bi fiksel ɗaya-ɗaya da getpixel. Hoto mai 1920 da 1080 ya haura fiksel miliyan biyu, za ka gaji da jira. Yi amfani da point, wanda ke lissafa ƙimomi 256 sau ɗaya ya shafa wa hoton duka, ko ka miƙa hoton ga NumPy, laburaren lissafi na Python. Hotunan GIF da wasu PNG irin P, masu ɗaukar launi daga taƙaitaccen jeri, kuwa, juya su zuwa RGBA tun daga buɗewa.

Wanda ke son manhajar da za ta gano mutum a hoto ta cire bayansa da kanta, ba nan zai samu ba. Pillow bai san gashi ba, bai san fuska ba, marufin da ka ba shi kawai yake bi. Amma ga mai tambari da gumaka da ɗaruruwan hotunan da ke jiran gyara iri ɗaya, ina ba da shawararsa ba tare da wata-wata ba, muddin zai riƙa gwada abin da ya fitar a kan fari da kuma a kan baƙi kafin ya miƙa aiki.